Sau biyu ana rufe mini gyara a GitHub: ta wace ƙofa ake shiga aikin buɗaɗɗun manhajoji?

Autar Mama:
Assalamu alaikum 'yan gida. Ina da tambaya, a yi mini haƙuri da tsawonta. Bara na gama karatun kimiyyar kwamfuta, yanzu ina zaman jiran kiran bautar ƙasa. Na ɗan iya Python, Git ma na san yadda ake yin komit a tura. Duk wanda na tambaya yadda zan goge sai ya ce, je ki sa hannu a buɗaɗɗun manhajoji, wato waɗanda kod ɗinsu ke fili kowa zai iya gani ya aika gyara, nan ake koyon aiki na gaske. To na je GitHub, shafin da ake ajiye irin waɗannan ayyuka. Sau biyu ina aika gyara. Na farko waƙafi na ƙara a fayil ɗin README, wato takardar bayani, na wani babban aiki, aka rufe ba ko uffan. Na biyu wani kod na gani kamar ya yi tsawo, na sake tsara shi, kwana uku ina kai. Wani ya rubuto mini layi ɗaya cewa ba su nemi wannan ba, ya rufe. Tun daga ranar in na buɗe shafin sai gabana ya faɗi. Ni ce ban kai ba, ko akwai ƙofar da ake bi ban sani ba?

Baban Hanifa:
Wa alaikumus salam. Sannu Auta, Allah ya ba da lada. Ki jira Malam ya shigo, wannan fagensa ne.

Malam Mai Linux:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba rashin kaiwa ba ne. Ta katanga kika shiga gidan, shi ya sa ba a yi miki maraba ba. Ki ɗauka baƙuwa ce ta zo gidanku, ba ta yi sallama ba, ta wuce kicin ta fara sauya wa tukwane wuri. Ko da tsarinta ya fi naku kyau, Mama za ta ce a mayar da komai inda yake.

Gyaranki na farko ma ya faɗo a kan tsohon ciwo. Akwai wani shiri da kamfanin DigitalOcean ke yi duk watan Oktoba, Hacktoberfest, wanda a da in ka aika gyara huɗu sai a turo maka riga. A 2020 mutane suka yi ca a kan ayyukan jama'a da gyare-gyaren banza, wannan ya ƙara waƙafi, wancan ya ƙara kalma ɗaya a README, duk don riga. Masu kula da ayyukan suka kwana suna rufewa, har sai da aka sauya dokar shirin, ya zama sai aikin da ya yarda da kansa ake ƙirgawa. Tun daga lokacin, sabon suna da gyaran waƙafi, da yawansu ba sa ma tsayawa karantawa.

Na biyun kuma, ki gane cewa duk layin da kika taɓa, wani ne zai zauna ya karanta, ya gwada, sannan ya ɗauki nauyinsa shekaru bayan kin tafi. Akasarin waɗannan mutane ba albashi suke karɓa a kai ba, bayan sun tashi daga aikinsu na cin abinci suke yi. Kin tuna abin da ya faru da xz a watan Maris na 2024? Ƙaramar manhajar matse fayil ce da ke cikin kusan kowane Linux, kuma shekaru da yawa mutum ɗaya, Lasse Collin, ke riƙe da ita. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe fiye da shekara biyu yana aiko da gyare-gyare masu kyau har aka amince da shi, sannan ya dasa ƙofar baya a ciki, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse. Wani injiniya, Andres Freund, shi ya gano, saboda ya lura shiga ta SSH, hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa, ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Bayan wannan, duk mai kula da aiki in ya ga baƙo ya sake rubuta masa kod ba dalili, dole ya ja baya.

Autar Mama:
Malam na fahimta, kuma wallahi hankalina ya ɗan kwanta. To amma ta ina ƙofar take? Na ga ana cewa a nemi matsalolin da aka yi wa alamar good first issue, wato masu sauƙi ga sabon shiga. Duk wadda na buɗe sai in tarar mutum biyar sun riga sun rubuta a ba su.

Injiniyan Kawo:
Ni fa kafin a kai ga ƙofa, ina da tambayar da ba a so. Me ya sa za ta yi? Microsoft ta sayi GitHub a 2018 a kan dala biliyan 7.5. Manyan kamfanonin duniya suna ɗaukar waɗannan manhajoji kyauta suna gina dukiya a kansu. Yarinya tana zaune a gida, ita za ta sayi data, ita za ta nemi inda za ta yi cajin laftof in an ɗauke wuta, sannan ta yi wa mutanen Turai da Amurka aiki a banza, a ƙarshe a rufe mata ba ko godiya. Auta, shawarata ki nemi mai shagon magani ko makarantar kuɗi a unguwarku ki gina musu abin ajiye lissafi su biya ki. Ko dubu ashirin ce, taki ce.

Maman Sadik:
Injiniya, maganarka akwai gaskiya a ciki amma ba duka ba. Akwai hanyoyin da ake biya. Outreachy horo ne na wata uku daga gida, ana biyan dala 7,000, kuma an kafa shi ne don waɗanda ba a cika ganinsu a fannin ba, mata na ciki. Sau biyu ake yi a shekara, zagaye ɗaya ya fara a Mayu, ɗaya a Disamba. Akwai kuma Google Summer of Code da ake yi tun 2005, wanda daga 2022 ba sai ɗalibi ba, duk sabon shiga da ya kai shekara 18 zai iya nema. To amma a Outreachy sai ka yi makonni kana ba da gudummawa a aikin da ka zaɓa kafin a tantance. Wanda bai taɓa aika gyara an karɓa ba, a wannan lokacin zai fara koyon yadda ake yi, alhali wasu sun riga sun iya. Ka ga ke nan abin da take tambaya shi ne tsanin.

Injiniyan Kawo:
Mutum nawa ake ɗauka cikin masu nema, Hajiya? Kada mu sa wa yara rai.

Maman Sadik:
Kaɗan ne, ban musa ba. Ban ce ta dogara da shi ba. Amma ka duba ta wani gefen. Ni a fannin lafiya nake aiki. DHIS2 da ake tattara alƙaluman asibitoci da ita a Najeriya buɗaɗɗiyar manhaja ce, daga Jami'ar Oslo ta fito. Masu zagayawa gida-gida suna cike bayanai a waya, ODK ko KoboToolbox suke amfani da su, su ma haka. Ba aikin Turawa kaɗai ba ne, mu ne muke cin moriyarsu kullum a Kano da Katsina da Sakkwato. In akwai tangarɗa a ciki, a kanmu take faɗawa.

Malam Mai Linux:
Injiniya, ka bar maganarka a nan, za mu dawo mata. Auta, ki manta da alamar nan tukuna. Matsalar da aka yi wa alama, duniya duka na kallonta. Ke ki nemo wadda ba mai iya gani sai ke. Amsa mini wannan: a cikin abubuwan da kika taɓa ginawa da hannunki, wane ɗan kayan aiki na wasu kika ɗauko, ya yi miki abin da ya ba ki haushi?

Autar Mama:
Akwai ɗaya, amma ƙaramin abu ne, ban ɗauke shi matsala ba. Antina tana sayar da abinci, na yi mata ɗan shafin girke-girke. Na ɗauko wani ƙaramin kunshin Python, wato kod da wasu suka shirya don a ɗauka a yi amfani da shi, da ke mayar da kan rubutu ya zama adireshin shafi. Da na rubuta "Ƙosai da kunu" sai adireshin ya fito osai-da-kunu. "Ɗan wake" ya zama an-wake. "Miyar kuɓewa" ta zama miyar-kuewa. Na ɗauka ni ce na yi kuskure wajen saitawa, sai kawai na riƙa rubuta adireshin da hannu.

Malam Mai Linux:
Alhamdulillah. Wannan ita ce ƙofarki.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karatu a gidan nan ban yi magana ba, amma wannan ta taɓa ni, don na sha fama da ita. Ƙanwata, ba kuskurenki ba ne, kuma zan gaya miki abin da ke faruwa a ciki.

Yawancin irin waɗannan kunshi dabara ɗaya suke yi. Suna kiran unicodedata.normalize da tsarin NFKD, wanda ke raba harafi da alamar da ke kansa, sannan su zubar da duk abin da ba ya cikin haruffan Ingilishi. Ga Faransanci abin yana tafiya daidai: é a wurin Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lamba a kwamfuta, e ce da alama a sama, in an raba aka zubar da alamar, e ta rage. Mu da muke rubuta Faransanci a nan Nijar ba mu taɓa ganin matsala ba. Amma ƙ ba k ce da ƙugiya a kanta ba. Harafi ce mai zaman kanta, lambarta U+0199, ba ta rabuwa. Haka ɗ, U+0257, da ɓ, U+0253. Tunda ba abin da za a raba, sai a zubar da harafin gaba ɗaya.

Mu namu ma ya fi muni. A Najeriya kuna rubuta 'ya'ya da ɗan waƙafin sama, mu a Nijar ƴaƴa muke rubutawa da ƴ, U+01B4. Ki gwada a kunshin nan ki gani, aa zai ba ki.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Harafin ł na mutanen Poland da ø na Denmark da Norway su ma ba sa rabuwa. Shi ya sa kunshi da yawa ke ajiye wani jadawali na musamman: in ka ga ł sa l, in ka ga ø sa o. Ki buɗe kod ɗin ki duba. In akwai jadawalin, aikinki layuka kaɗan ne.

Autar Mama:
Yaya, na duba yanzu. Akwai shi! Akwai ł da ø da ß da wasu da yawa. Namu ne babu. Bari in ƙara in aika.

Malam Mai Linux:
Dakata. Kada ki sake haura katanga. Kafin ki taɓa kod, ki duba ko gidan da mutane a ciki: yaushe aka karɓi gyara na ƙarshe? In an shekara biyu ba motsi, ba mai amsa miki. Ki duba akwai fayil ɗin LICENSE, ko MIT ne ko Apache ko GPL, don kod ɗin da ba shi da lasisi, ko yana fili, ba a ba kowa izinin amfani da shi ba. Sai ki karanta CONTRIBUTING.md daga farko har ƙarshe, nan suke faɗin yadda suke so a yi musu sallama. Sannan ki bincika rahotannin da aka riga aka rufe, ki rubuta Hausa a akwatin nema, ki rubuta ƙ. Wataƙila wani ya taɓa kawowa aka ba shi amsa.

In babu, ki buɗe rahoto, ba gyara ba. Ki sa abu huɗu kawai: ga abin da na shigar, ga abin da ya fito, ga abin da ya kamata ya fito, ga lambar sigar kunshin da ta Python ɗina. Ki ƙara layi ɗaya da ke cewa waɗannan haruffan Hausa ne na yau da kullum, ba ado ba, sannan ki tambaya ko za su karɓi gyara in kin aiko. Mai kula da aikin zai iya gwada misalinki cikin minti ɗaya ya gani da idonsa. Wannan ne bambancinsa da abin da kika aika a baya.

Baban Hanifa:
A gafarce ni, ni ban gamsu da wannan gyaran ba. Shekaru muna fama da mutane su riƙa rubuta ƙ da ɗ da ɓ daidai. Ina gyaran muƙaloli a Wikipedia ta Hausa, rabin aikina mayar wa kalmomi ƙugiyarsu ne. Ƙasa daban, kasa daban. Ƙara daban, kara daban. Ɗaka daban, daka daban. Yanzu kuma mu da kanmu za mu je mu koya wa manhaja cewa ƙ da k ɗaya ne? Me zai hana a nemi su bar harafin yadda yake a adireshin?

Ɗan Damagaram:
Baban Hanifa, ina tare da kai a kan rubutu, ko kusa ba na wasa da shi. Amma kan rubutun da mai karatu ke gani ba a taɓa shi ba, "Ƙosai da kunu" na nan da ƙugiyarsa. Adireshi kawai ake magana. Ana iya barin ƙ a adireshi, Django ma, kayan gina shafuka da Python, yana da zaɓin allow_unicode don haka. Sai dai in ka kwafo irin wannan adireshin ka liƙa a WhatsApp, sau da yawa ƙ sai ta koma %C6%99, abin ya yi tsawo ya yi muni. Kuma shi wannan kunshin aikinsa ke nan, fitar da haruffan Ingilishi zalla. Zaɓin da ke gabanmu a cikinsa ba tsakanin ƙosai da kosai ba ne, tsakanin kosai da osai ne.

Baban Hanifa:
In haka ne, kosai ya fi osai, na yarda. Amma Auta, ki rubuta a rahoton cewa haruffa ne mabambanta a Hausa, kada wani ya karanta ya ɗauka ƙugiyar kwalliya ce. Kuma zan faɗa wa masu karatu a nan da ba su iya kod ba: akwai aiki jibge. Kalmomin da kuke gani a maɓallan Wikipedia, a translatewiki.net ake fassara su. Common Voice na Mozilla, wanda aka fara a 2017, akwai Hausa a ciki, ka karanta jimla da muryarka ko ka saurari ta wani ka tabbatar. Duk gudummawa ce.

Sarkin Kod:
Gudummawa ce, amma mu faɗi gaskiya, ba ita ta tambaya ba. Ita mai shirya manhaja take so ta zama. Duk lokacin da ɗan Arewa ya ce yana son shiga wannan harka sai a tura shi fassara, kamar iyakar abin da za mu iya ke nan. Mai ɗaukar aiki kod zai duba, ba yawan jimlolin da ka karanta ba.

Baban Hanifa:
Ban tura ta fassara ba, na ce waɗanda ba su iya kod ba. Kuma kada ka raina. Kundin NaijaSenti da masu bincikenmu suka fitar a 2022, da aikin da 'yan Masakhane da HausaNLP ke yi, ai a kan mutanen da suka zauna suka tantance jimloli ɗaya bayan ɗaya aka gina su. Mai kod ɗin da zai zo daga baya, da me zai yi aiki in babu wannan?

Malam Mai Linux:
Ku biyun kuna da gaskiya, kuma matsalar Auta ta haɗa ku. Kod za ta rubuta, har da gwaji, amma sanin Hausa ne ya sa ta ga abin. Injiniyan da ya fi ta ƙwarewa sau ɗari a Jamus zai yi shekara goma da kunshin nan bai lura ba.

Ɗan Gashuwa:
Malamai a taimaka mini ni ma. Ba ni da kwamfuta, waya ce kawai. Akwai abin da zan iya, ko in haƙura sai Allah ya hore?

Sarkin Kod:
Akwai. Ka sauko da manhajar Termux daga F-Droid, wata kasuwar manhajojin Android, ka buɗe ta ka rubuta pkg install git python, ka samu Git da Python a wayarka. Da wuya a ƙaramin allo, amma ana yi. In za ka kwafo rumbun aiki, wato ma'ajiyar kod ɗinsa, ka sa git clone --depth 1, zai kawo maka sigar ƙarshe kawai ba dukan tarihin ba, datarka ta huta. Abu ɗaya da ke kayar da sababbi: tun Agustan 2021 GitHub ba ya karɓar kalmar sirri wajen turawa, sai ka yi makullin SSH ko ka ƙirƙiri token a saitunan asusunka. In ka samu aron kwamfuta a shagon intanet, ka buɗe kowane rumbu a GitHub ka danna maɓallin ɗigo (.) a kibod, editan kod zai buɗe a burauza ba sai ka girka komai ba.

'Yar Zango:
Daga Kumasi nake gaishe ku. Ɗan Gashuwa, ni da waya na fara, a OpenStreetMap. Da StreetComplete nake zagaya unguwarmu ina amsa tambayoyi, wannan titin kwalta ne ko ƙasa, wannan shagon me ake sayarwa. Lungunan zango da yawa ba wanda zai sa su a taswira in ba mu ba.

Autar Mama:
Na bi duk abin da Malam ya ce. Watan jiya aka karɓi gyara na ƙarshe, lasisin MIT ne, ba wanda ya taɓa kawo maganar Hausa. Amma Turancina nake jin tsoro. In ba wa ChatGPT ya rubuta mini rahoton?

Maman Sadik:
Ki rubuta da kanki, gajere. In kina so ya duba miki nahawu bayan kin gama, ba laifi, amma kada ya ƙara ko kalma ɗaya da ba ki gwada da hannunki ba. Daniel Stenberg, mai kula da wata buɗaɗɗiyar manhaja mai suna curl, ya yi ta kokawa a fili kan dogayen rahotanni masu daɗin Turanci da na'ura ta rubuta, a bincika a tarar matsalar ma babu ita. Yanzu dogon Turanci mai santsi shi ke sa a yi zargi. Kuma da yawa daga masu kula da ayyukan nan Ingilishi ba harshen uwarsu ba ne. Linus Torvalds da ya fara Linux a 1991 ɗan Finland ne, harshen gidansu Swidanci.

Autar Mama:
Na aika. Layi tara ne duka. A taya ni da addu'a.

Autar Mama:
Salam. Yau kwana shida, shiru. Ko in sake rubutawa? Ko in nemo shi a wani wuri in yi masa magana?

Malam Mai Linux:
Kada ki bi shi wani wuri, ba a so. Kwana shida ba komai ba ne a wannan harka, mutumin wataƙila yana da iyali da aikin ofis. Ki bari a cika mako biyu, sannan ki rubuta layi ɗaya a ƙarƙashin rahoton cewa har yanzu kina shirye ki aiko da gyaran. Kafin nan ki yi kwafin rumbun a asusunki, ki buɗe sabon reshe, ki gudanar da gwaje-gwajensu a kwamfutarki ki tabbatar duk suna wucewa tun ba ki taɓa komai ba. Sai ki fara rubuta gwajinki, ki ga ya faɗi, sannan ki ƙara haruffan ki ga ya wuce. In kin yi haka kin san gwajin na aiki da gaske.

Autar Mama:
Ya amsa! Jiya da dare. Ya yi godiya, ya ce bai san da waɗannan haruffa ba, ya gwada misalina ya gani, in aiko da gyara tare da gwaji. Na aika da safen nan. Amma gwajin da ke gudana da kansa ya nuna ja, na rasa dalili, a wurina komai na wucewa.

Sarkin Kod:
Danna kan jan ki karanta, yana faɗin layin da ya tsaya. Kwafo mana.

Autar Mama:
Ashe ba gwajina ba ne, mai duba tsarin rubutu ne. Layi ɗaya ya wuce tsawon da suka ƙayyade. Yana cikin CONTRIBUTING.md ma, akwai umarnin da ake gudanarwa kafin a tura, na tsallake shi. Na gyara, ya koma kore.

Ɗan Damagaram:
Na je na karanta gyaran naki, ya yi tsabta. Amma ƙananan haruffa kawai kika sa. Kunshin yana duba jadawalin ne kafin ya mayar da rubutu ƙananan haruffa, don haka "ƙosai" zai yi daidai, "Ƙosai" kuma zai koma osai kamar da. Ki ƙara Ɓ da Ɗ da Ƙ da Ƴ. Kuma ki sa ƴaƴa a cikin gwajin, don mu ma a san da mu.

Autar Mama:
Kai, Yaya, ainihin misalin da na fara da shi ke nan, kuma gwajina duk da ƙananan haruffa na rubuta. Na gode ƙwarai. Na ƙara su takwas cif, na sa "Ƙosai da kunu" da "Ɗan wake" da "ƴaƴa" a gwajin. Yaya, me zai hana ka rubuta wannan a can ƙarƙashin gyaran, ya ga ba ni kaɗai ba ce?

Ɗan Damagaram:
Na rubuta. Wannan ne karo na farko da na yi magana a aikin wani a GitHub.

Autar Mama:
An karɓi gyaran, an haɗe shi da aikin! Ya ce zai fita a siga ta gaba, ya sa sunana a jerin sauye-sauye. Ya kuma tambaya ko akwai wasu harsunan yankinmu da haruffansu ke ɓacewa haka. Na san Fulfulde na amfani da ɓ da ɗ da ƴ, waɗannan sun shiga, amma akwai ŋ da ban san da me ya kamata a musanya ta ba. Ba na so in yi hasashe. Akwai mai jin Fulfulde a gidan nan?

Maman Sadik:
Barka Auta, Allah ya ƙara basira. Akwai abokiyar aikina 'yar Yola, ta yi karatun Fulfulde, zan tambaye ta ko za ta shigo ta yi miki bayani da kanta.

Injiniyan Kawo:
Barka ƙanwata. Maganata ta kuɗi tana nan, har yanzu ina ganin ki nemi aikin da za a biya ki, ki riƙa yin wannan a gefe. Amma ina da tambaya ga Ɗan Damagaram. Akwai manhajar biyan albashi da na gina wa wata makaranta. In an jera sunayen ma'aikata bi da bi, duk masu suna Ɗahiru da Ɗanladi sai su faɗo can ƙasa, bayan Zubairu. Shekara biyu akawun makarantar yana yi mini ƙorafi, ni kuma na ce masa ya riƙa rubuta D kawai. Wannan ma dangin waccan ce?

Ɗan Damagaram:
Danginta ce, Injiniya. Ana jerawa ne da lambar harafi, Z tana 90, Ɗ kuma U+018A, wato 394, dole ta zo bayanta. Ba sai akawu ya ɓata sunan mutane ba. Kundin CLDR na Unicode yana da tsarin jeren Hausa a shirye: ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, har sh da ts an ba su matsayinsu. In da JavaScript ka yi, gwada Intl.Collator ka ba shi "ha". Da wane kunshi kake zana jadawalin sunayen?

Injiniyan Kawo:
Wani buɗaɗɗe ne na ɗauko. Na duba yanzu, ba shi da wurin da za ka faɗa masa harshe, da kansa yake jerawa. Auta, turo mini rahoton nan naki mai layi tara in ga yadda kika tsara shi.